Akwati Goma Sha Biyu a Gaban Fakiti Dubu Sittin

Duk wanda ya taɓa girka Debian 12 a kwamfuta ya san wannan shafin. Can wajen ƙarshe yake zuwa, bayan an zaɓi harshe da ƙasa, an sa kalmar sirri, an raba rumbun ajiya, an zuba ginshiƙin manhajar. Sai aikin ya tsaya, a kawo maka layi goma sha biyu, kowanne da ɗan akwati a gefensa. Na sama shi ne fuskar aiki ta Debian, a ƙarƙashinsa kuma iri takwas: GNOME, Xfce, GNOME Flashback, KDE Plasma, Cinnamon, MATE, LXDE da LXQt. Daga nan sai sabar yanar gizo, sai sabar SSH, sai na ƙarshe, kayan aikin yau da kullum. A kwamfuta irin ta kowa za ka tarar an riga an yi wa uku alama: na farko, da GNOME, da na ƙarshe. Mutane da yawa ko karantawa ba sa yi, su danna ci gaba, su bar ta tana sauke kaya.

Ranar 10 ga Yuni 2023 da aka saki wannan fitowar mai suna bookworm, fakitin manhaja 64,419 ne a rumbunta. Ba mahalukin da zai zauna ya tantance su ɗaya bayan ɗaya, balle baƙon da yau ne farkon haɗuwarsa da Linux. Don haka wasu mutane, yawancinsu 'yan sa-kai, suka ɗauki nauyin yanke masa shawara: me zai gani, me za a ɓoye masa, me za a zuba masa ko da bai tambaya ba. Wannan gajeren jeri shi ne sakamakon gardamar fiye da shekara ashirin, kuma a ganina nan ne aka fi sanin wa masu manhaja suke tunawa da shi idan sun ce "mai amfani". Gwajin manhajar girkawa kuwa, in aka bi shi a hankali, rabinsa gwajin waɗannan shawarwari ne.

Daga faifan fulofi

Ian Murdock ne ya sanar da kafa Debian a watan Agusta 1993. Shekaru da dama ana shiga cikinta ta wata manhaja da ake kira boot-floppies, wadda sunanta ma ya nuna zamaninta: faifan fulofi mai ɗaukar megabait 1.44. Ta yi aiki, amma dunƙulalliya ce. In ka taɓa gefe guda sai wani gefen ya motsa, kuma duk lokacin da za a yi sabuwar fitowa sai an sha fama kafin ta daidaita a kan kowane irin injin da Debian ke tallafawa. Debian 3.0, wato woody ta Yulin 2002, ita ce ta ƙarshe da ta fito da ita.

Tun wajen shekarar 2000 Joey Hess ya fara zana wadda za ta gaje ta. Dabararsa ita ce a daina ɗaukar manhajar girkawa a matsayin abu guda. A mayar da ita ƙaramar Debian mai rayuwa a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta na ɗan lokaci, wadda aka haɗa da ƙananan fakitoci da ake kira udeb. Wannan aikinsa gano katin sadarwa, wancan aikinsa tambayar harshe, wani raba rumbu, wani girka manhajar da ke tayar da kwamfuta. Kowanne da mai kula da shi. Tambayoyin kuma duk ta hanya ɗaya suke bi, ta tsarin debconf, wanda ya raba tambaya da yadda ake nuna ta. Amfanin wannan ya fito daga baya: tambaya guda za ta iya bayyana a shuɗin allon rubutu, ko a fuska mai hoto da linzami kamar yadda aka samu tun Debian 4.0 ta 2007, ko kwamfuta ta karanta wa makaho da murya. Haka kuma mai kula da kwamfutoci ɗari a makaranta zai iya rubuta amsoshin duka a fayil guda, injin ya girka kansa ba tare da kowa ya taɓa madanni ba.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Sai 6 ga Yuni 2005 sabuwar manhajar ta fito tare da Debian 3.1, sarge, kusan shekara uku bayan woody, kuma jiran ta nuna a kan nau'in injin goma sha ɗaya na daga cikin abin da ya ja lokacin. Ba Debian kaɗai ta ɗanɗana wannan ba. Fedora 18, da aka shirya fitarwa a ƙarshen 2012, sai da aka yi ta ɗage ta har Janairun 2013, babban dalili kuwa sake rubuta fuskar Anaconda, manhajar girkawarsu.

Layin kasuwa da kwandon cefane

Kowane fakiti a Debian yana ɗauke da alamomi fiye da ɗaya, kuma nan ne mutane kan rikice, domin kowace alama tambaya daban take amsawa.

Ta farko ita ce sashe. Akwai sashen wasanni, na sauti, na kimiyya, na wasiƙu, na sadarwa, na kayan masu rubuta manhaja, da sauransu masu yawa. Wannan kamar tsarin babbar kasuwa ne, inda 'yan tumatir ke layinsu, mahauta na nasu, masu gishiri da kanwa na nasu. Tsari ne mai kyau ga wanda ya san abin da ya zo saye. Amma wadda aka ce ta yi miyar kuka ba layi take bukata ba, kwandon cefane take bukata, wanda zai ɗebo kaɗan daga nan, kaɗan daga can. Wannan kwandon shi ne abin da Debian ke kira task, manhajar da ke nuna jerin kuma tasksel. Wanda ya zaɓi Xfce, za a ɗebo masa daga sashen fuska, da na sauti, da na rubutu, da na intanet, a haɗa masa abin da zai zauna ya yi aiki da shi nan take.

Matsalar sashe ita ce fakiti ba ya zama a wuri biyu. Manhajar da ke koya wa yara lissafi ta hanyar wasa, ina za a kai ta? Wajen wasanni, ko ilimi, ko lissafi? Mai kula da fakitin yana ba da shawara, amma masu kula da rumbun ne ke da maganar ƙarshe, suna da fayil nasu da ke danne abin da ya rubuta. Don magance wannan ƙuncin Enrico Zini da abokan aikinsa suka kawo debtags, inda fakiti guda zai ɗauki lakabi da yawa: abin da yake yi, irin fayil ɗin da yake buɗewa, harshen da aka rubuta shi da shi. Tunanin ya samo asali daga ilimin tsara ɗakin karatu, musamman aikin S. R. Ranganathan na Indiya. Yana taimakon mai bincike ƙwarai, sai dai ba ya amsa tambayar baƙo, wanda bai san ma abin da zai nema ba.

Alama ta biyu ita ce muhimmanci. Akwai fakitocin da in babu su tsarin ba zai tashi ba, ana ce musu required. Sai important, abin da duk wanda ya saba da Unix zai yi mamakin rashinsa. Sai standard, sai optional inda mafi yawan fakitoci suke. A da akwai mataki na biyar, extra, wanda aka daina amfani da shi a 2017 bayan an ga bambancinsa da optional ba ya tsinana wa kowa komai. Wancan akwati na ƙarshe a jerin, kayan aikin yau da kullum, ba kowa ya rubuta abin da ke cikinsa da hannu ba: duk fakitin da aka ba matakin standard ne ke faɗawa ciki. Ke nan in an ɗaga fakiti guda zuwa wannan mataki, an zuba shi a kusan kowace sabuwar kwamfutar Debian a duniya. Shi ya sa ake tsayawa a yi muhawara a kan abin da mai kallo daga waje zai ɗauka kalma ɗaya ce kawai a fayil.

Bayan waɗannan akwai dangantaka tsakanin fakitocin kansu. Wani ba ya aiki sai da wani, dole a zo da su tare. Wani kuma shawara ce mai ƙarfi, a kan zo da shi amma ana iya cire shi. Wani ambato ne kawai. Masu tsara kwandon suna wasa da wannan bambanci da gangan. Abin da suka sa a matsayin dole, in ka cire shi kwandon ya warware. Abin da suka sa a matsayin shawara, kana iya korarsa ba tare da sauran sun bi shi ba. Wanda ya taɓa cire wata manhaja da ba ya so, ya ga kwamfuta tana neman kwashe masa rabin fuskar aikinsa, ya ga abin da ke faruwa idan aka sa abu a gurbin da ba nasa ba.

Wasu sun bi wata hanya. Slackware ta Patrick Volkerding, wadda ita ma 'yar 1993 ce, har yau da haruffa take raba kayanta, gadon zamanin fulofi: A ginshiƙi, AP manhajojin allon rubutu, D kayan masu rubuta manhaja, N sadarwa, X fuska mai hoto, Y wasanni. Ba ta bin diddigin wane fakiti ne ke bukatar wane, don haka shawararta ga sabon shiga ita ce ya girka duka. Gaskiya ce mai sauƙi, kuma tana rage abin da za a gwada, tunda kusan kowa abu ɗaya yake da shi. Fedora kuma tana da fayil na rukunoni, inda kowane fakiti a cikin rukuni ko dai dole ne, ko yana zuwa sai in an ce a'a, ko ba ya zuwa sai an nema.

Jerin Debian ma bai tsaya yadda yake ba. A Debian 7 ta 2013 akwai akwatin sabar wasiƙu, da na sabar fayil, da na DNS, da na rumbun bayanai. Zuwa Debian 8 ta 2015 an kwashe waɗannan, aka ba iri-iren fuskar aiki gurbin. Na yarda da wannan hukuncin. Mai son kafa sabar wasiƙu ya san wadda yake so, kuma akwati guda ba zai saita masa ita ba. Wanda bai sani ba kuwa, an buɗe masa ƙofa ga intanet da bai san tana buɗe ba. Akwai kuma kwandunan da ba a nunawa sam. In ka zaɓi Faransanci ko Larabci a farko, tasksel zai haɗo ƙamus da salon haruffa da fassarar manhajoji na wannan harshe a ɓoye. In ya gane kwamfutar ta tafi-da-gidanka ce, zai ƙaro kayan kula da batir da na sadarwa mara waya.

Rigimar akwatin da aka riga aka yi wa alama

Babu layin da ya jawo ce-ce-ku-ce kamar na GNOME, saboda alamar da ke gefensa tun kafin ka taɓa komai. Asalin matsalar girman faifai ne. Faifan CD megabait 700 yake ɗauka, kuma Debian ta daɗe tana alfahari da cewa faifai na farko shi kaɗai ya isa ka samu cikakkiyar kwamfuta ko babu intanet. Da GNOME 3 ta zo sai ta yi wa faifan yawa. A Agustan 2012 Joey Hess ya mayar da Xfce zaɓin farko, aka janye kafin Debian 7 ta fito. A Nuwamban 2013 ya sake yin haka, da sharaɗin za a duba lamarin kafin fitowa ta gaba.

Abin da ya burge ni shi ne yadda aka duba ɗin. An zana jadawali, kowace fuskar aiki da layinta, aka nemi ƙungiyoyi daban-daban su ba da maki a fanninsu: yadda take da masu larurar gani, yadda take tafiya da systemd (manhajar da ke tayar da ayyukan tsarin), ƙarfin ƙungiyar da ke kula da ita a Debian, girmanta, da yadda take aiki a injuna iri-iri. A Satumban 2014 aka koma GNOME, kuma sauƙin amfani ga masu bukata ta musamman na cikin manyan dalilai. Mai tsohuwar kwamfuta mara ƙarfi zai iya cewa an danne shi, kuma yana da hujja. Amma an auna bukatarsa da ta makaho, wanda in fuskar farko ba ta magana ba shi da hanyar da zai bi ya sauya ta, alhali shi mai tsohuwar kwamfutar layi guda zai sauka ya zaɓi mara nauyi. Wata biyu bayan haka, a Nuwamban 2014, Hess ya bar Debian, wasu suka ci gaba da riƙe abin da ya gina.

Yadda ake gwadawa

Manhajar girkawa tana da wahalar gwaji fiye da saura, dalilan kuma a fili suke. Mutum sau ɗaya yake amfani da ita, wataƙila ba zai sake ganinta ba sai bayan shekaru. Tana aiki ne a kan injin da ba ta taɓa gani ba, a lokacin da babu komai a kansa da zai taimaka in an maƙale. Tana kuma taɓa rumbun ajiya, inda kuskure guda ke shafe hotunan iyali da takardun shekara goma. Shi ya sa a shafin da ake tambaya ko a rubuta sauye-sauye a rumbu, amsar da aka riga aka zaɓa ita ce a'a. Sai ka matsa da hannunka zuwa e. Mafi muni kuma, wanda ta ba kunya yawanci ba ya kawo ƙara. Ya zare filashinsa, ya koma abin da ya saba.

Ana gina sabuwar manhajar girkawa kullum, ana haɗa cikakkun hotunan faifai na gwaji duk mako, sannan kafin babbar fitowa a saki na gwaji a jere, daga alpha har zuwa waɗanda ake sa ran su ne na ƙarshe. Idan lokaci ya matso, ƙananan fakitocin udeb ba sa wucewa sai da amincewar mai kula da fitowar manhajar girkawa, aikin da Cyril Brulebois ya daɗe yana riƙe da shi.

Mai gwaji na gaske ba shafin gaba kawai yake kallo ba. Yana danna Alt da F4 ya ga rubutu na gudu, kowane mataki na faɗin abin da yake yi. In abu ya tsaya, ya koma Alt da F2 ya buɗe wurin ba da umarni, ya tambayi injin wane katin sadarwa ne a cikinsa. Bayan an gama, duk wannan bayanin yana nan a ajiye a /var/log/installer. Daga nan sai rahoto. Debian na da fom na musamman, installation-reports, mai jera matakan ɗaya bayan ɗaya: tashin farko, gano katin sadarwa, saita sadarwa, saita agogo, gano rumbu, raba shi, zuba ginshiƙi, zuba kwandunan da aka zaɓa, girka mai tayar da kwamfuta. A gaban kowanne ka sa O in ya tafi daidai, E in ya ba da matsala, ka bar shi fayau in ba ka gwada ba. Suna son rahoto ko da komai ya tafi lafiya, domin ta nan suke sanin irin injin da aka tabbatar yana aiki.

Akwai kuma kurakuran da fom ba ya kamawa, domin ta fuskar injin ba a yi kuskure ba. A shuɗin allon rubutu, dogon madannin tazara ne ke sa alama a akwati, Enter kuwa wucewa yake yi. Baƙo zai sauko kan KDE Plasma, ya danna Enter yana zaton ya zaɓa, a zuba masa GNOME. Wani zai sa wa KDE alama daidai, ya manta bai cire ta GNOME ba, ya sauke duka biyun, datarsa ta tafi. Ga kuma shafin kalmar sirrin babban mai iko da tsarin, wato root. In ka bar shi babu komai, za a rufe wannan asusun a ba asusunka ikon gudanarwa ta sudo. In ka cike shi, kamar yadda kowa zai yi idan aka miƙo masa gurbi, asusunka ba zai samu wannan ikon ba, sai daga baya ka bi wani darasi, kwamfuta ta ce ba ka da izini. Bayanin yana rubuce a shafin, amma mutane ba sa karanta dogon bayani a tsakiyar aiki. Irin wannan ba a gano shi sai an zauna kusa da wanda bai taɓa yi ba, an kame baki, an kalli inda hannunsa ke zuwa.

Injin ma yana nasa gwajin. Manhajar openQA, wadda aka ƙirƙiro a openSUSE, Fedora da Debian kuma suka ɗauka, tana tayar da kwamfutar kwaikwayo, ta kalli allo, ta gwama abin da ta gani da guntayen hotunan da aka ajiye mata, ta danna inda mutum zai danna. A dare guda za ta bi hanyoyi da yawa: rumbu mai kulle da mara kulle, wannan fuska da waccan, tsohon tsarin tashi na BIOS da sabon UEFI. Ba ta gajiya, kuma takan kama ɓarnar da aka yi jiya kafin ta kwana biyu. Iyakarta ita ce kwamfutar kwaikwayo ba ta da katin Wi-Fi mai taurin kai, kuma ba ta taɓa rikicewa tsakanin Enter da tazara. Saboda haka a ranar fitowa har yanzu mutane ne ke zama, su sauke sababbin hotunan faifai, su gwada a injuna na gaske, suna cike jadawali kafin a sa hannu a saki. Wani lokaci kuma a taka birki ana tsakiyar aiki. Ranar 9 ga Disamba 2023 ana shirin sakin Debian 12.3 aka gane kanel ɗin da ke cikinta, wato zuciyar tsarin, na da matsalar da za ta iya lalata bayanai a tsarin fayil na ext4. Aka dakatar, washegari aka fito da 12.4 a madadinta.

Sabon rukuni guda

Misali mafi ƙarfi na yadda tsara rukuni ke shafar girkawa shi ne batun famwaya, ƙananan manhajojin da katin Wi-Fi ko na hoto ko na sauti ke bukata a ɗora masa kafin ya farka. Kamfanoni ne ke ba da su, yawanci ba tare da bayyana yadda aka rubuta su ba. Debian kuwa ta raba rumbunta bisa 'yanci: main ga abin da kowa zai iya dubawa ya gyara ya raba, non-free ga wanda bai cika sharaɗi ba, contrib ga mai 'yanci da ya dogara da mara 'yanci. A da, faifan hukuma daga main kaɗai ake haɗa shi.

Sakamakon haka, shekara da shekaru, mai kwamfutar tafi-da-gidanka zai iso matakin sadarwa, manhajar ta ce wani fayil ya ɓace, ya kawo shi a filash. A ina zai samo, alhali kwamfutar da zai nema da ita ce ke hannun mai girkawa? A lokacin akwai faifai na daban mai ɗauke da famwaya, amma an rubuta masa "ba na hukuma ba", kuma sai wanda ya sani ke gano inda yake. Abin ya fi yi wa makafi ciwo. A farkon girkawa in aka danna harafin s, kwamfuta na karanta kowace tambaya da murya, to amma wasu sababbin injuna ba sa fitar da sauti sai da famwaya.

A Afrilun 2022 Steve McIntyre, tsohon shugaban Debian kuma jigo a ƙungiyar haɗa faifai, ya fito ya ce wannan hali ba zai ɗore ba. Aka kai maganar ƙuri'a, sakamako ya fito a farkon Oktoba. Aka ƙara jimla a yarjejeniyar da Debian ta ɗauka da jama'a, aka ware rukuni na huɗu, non-free-firmware, aka amince faifan hukuma ya ɗauke shi. Hikimar ware shi ita ce mutum ya samu abin da katinsa ke bukata ba tare da an buɗe masa sauran manhajoji marasa 'yanci ba. Manhajar girkawa tana rubuta abin da ta ɗora a fayil don ka gani, wanda kuma ba ya so zai iya hanawa tun daga farko. Waɗanda suka yi adawa ba sakarkaru ba ne, tsoronsu kada a saba da sassauci har a manta dalilin kafa Debian. Duk da haka ina ganin an yi daidai, domin manhaja mai 'yanci da mutum ya kasa girkawa ba ta 'yantar da shi daga komai ba.

Wa ake ƙirgawa

A tsakiyar girkawa akwai wata tambaya da ake yawan tsallakewa, ko ka yarda kwamfutarka ta riƙa aika jerin fakitocin da kake amfani da su duk mako, ba tare da sunanka ba. Wannan shi ne popularity-contest, kuma da alƙalumansa ake jera fakitoci a faifai, wanda aka fi amfani da shi ya shiga na farko. Amsar da aka riga aka zaɓa a'a ce, don mutunta sirrin mutane. Sai dai duk wanda bai amsa e ba, ko kwamfutarsa ba ta cika hawa intanet ba, ba ya cikin lissafi.

Nan abin ya shafe mu kai tsaye. Kwamfutocin da suka fi yawa a hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu daga Kano zuwa Maraɗi na hannu ne, an yi amfani da su a wata ƙasa kafin su iso. Intanet ta waya ce, ana auna ta da megabait, wuta kuma na iya ɗaukewa ana tsakiyar sauke fakitoci. Yaya manhajar girkawa ke yi idan sadarwa ta yanke a rabin hanya? Shafin zaɓin ya nuna wa mutum nauyin abin da zai sauke kafin ya amince? Tambayoyin gwaji ne na gaske, kuma wanda ke zaune inda intanet ba ta yankewa ba zai ci karo da su ba. Hukunci kan tsofaffin injuna ma yana tafiya. Debian 13, trixie, da ta fito ranar 9 ga Agusta 2025 da fakiti 69,830, ba ta da manhajar girkawa ga kwamfutoci masu tsarin i386 na bit 32.

Sai harshe. Ana iya girka Debian da harsuna fiye da 70, har da Larabci da Amharik, amma babu Hausa a jerin. Tubalan suna nan: Linux na da tsarin yanki na ha_NG, akwai kuma shimfiɗar madannai ta Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Abin da ya rage shi ne fassarar saƙonnin da mai girkawa ke gani, waɗanda sai an kammala na sahun farko kafin a kunna harshe, sannan kwandon Hausa irin na sauran harsuna, mai haɗo salon haruffa da ke nuna masu lanƙwasa daidai da duk wata fassara da ake da ita. Bayan nan wani ya zauna ya gwada ko doguwar jimlar Hausa ta shiga cikin akwatin shuɗin allo, ko kuma ƙ ta fito a matsayin ƙ a matakin farko, tun kafin a ɗora cikakkun haruffa. Fitowa ta gaba, Debian 14, sunanta forky, hotunan gwajinta kuma suna fita duk mako. Filash guda, da tsohuwar kwamfutar da ba a tsoron shafe abin da ke cikinta, sun isa a cike fom na installation-reports.